Alƙahira ta tagar kar

Duk shekara idan kaka ta yi, lokacin da ƴan kasuwa ke ɗaure buhunan wake zuwa kudu, jiragen sama su ma suna kwasar nasu kaya daga filin Diori Hamani na Yamai: samari da ƴan mata da suka ci jarrabawar bak, aka ba su gurbin karatu a ƙasashen waje. Wasu su nufi Maroko ko Aljeriya, wasu Turkiyya. Waɗanda suka fito daga makarantun faransanci da larabci kuwa, mafi yawansu burinsu Masar ne, jami'ar Azhar. Masu sa'a daga cikinsu ana saukar da su a wata unguwa ta ɗalibai baƙi da ake kira Madinatul Bu'us, wadda aka gina tun shekarun 1950. Makonnin farko ba na karatu ba ne, na layi ne: layin awon jini, layin takardar zama, layin gwajin larabci. Sabon zuwa yakan yi wata guda cur a Alƙahira bai san komai nata ba sai bangon ofis da ƙeyar wanda ke gabansa.

Domin a rage musu wannan ƙunci ne, a wata Asabar ta watan Nuwamba na 2022, wasu tsofaffin ɗalibai ƴan Nijar suka ɗauki shatar kar guda, suka nemo ɗan jagora Bamisire, domin sababbi su ga garin da za su shekara biyar ko shida a cikinsa. Cikin sababbin akwai wani saurayi ɗan Damagaram, daga unguwar Birni, wanda mahaifinsa ke da rumfa a kasuwar Dole, yana sayar da jallabiyoyi da carbi da turare. Sai da ya kwana biyu yana shawara da aljihunsa kafin ya rubuta sunansa, domin abin da aka yanka wa kowa ya kai kuɗin wake da burodinsa na mako guda. Lokacin kuma ba na wasa da kuɗi ba ne. A ƙarshen Oktoba aka karya darajar fam na Masar, karo na biyu cikin shekarar, kuma duk wanda ya ga Janairun 1994 a Maraɗi ko Ƙonni, ranar da aka wayi gari sefa ta rasa rabin ƙarfinta, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ke biyo baya. Jikkar da Alhaji ke aikowa ta ƙara auki a wurin canji, amma mai shagon unguwa ya riga ta isa, kullum da sabon farashi.

Abin da ya rinjaye shi ya biya, saƙo biyu ne da ya ɗauko daga gida. Na farko na mahaifinsa ne: ya shiga kasuwar Han Halili da ta Muski, ya taya jallabiya da carbi da kwalaben turare, ya aiko da farashin sari, domin Alhaji ya daɗe yana zargin cewa mai kawo masa kayan ta Kano yana cin riba biyu a kansa. Na biyu na wani tsohon malami ne na unguwarsu, wanda ya haura tamanin, idonsa ya kusa tafiya, wanda ya kwashe fiye da shekara arba'in yana fassara Jalalaini a zaurensa duk watan azumi. Shi bai roƙi tsaraba ba. Cewa ya yi a kai masa gaisuwa kabarin Shehu Suyuɗi, a kuma gaya masa yadda wurin yake tun yana da sauran kunnen ji.

Roƙon yana da tushe. Jalaluddini Suyuɗi, wanda aka haifa a Alƙahira a 1445 ya rasu a can a 1505, shi ya kammala tafsirin da malaminsa Jalaluddini Mahalli ya mutu ya bari, shi ya sa littafin ke ɗauke da sunan Jalalu biyu. Shehin kuma ya san da zaman ƙasar nan. A ƙarshen ƙarni na 15 ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim, yana jan kunnensu a kan adalci, wato sarautar da ke zaune a Maraɗi yau tana cikin waɗanda suka karɓi takardarsa. Askiya Muhammadu na Songai ma, a tafiyarsa ta hajji wajen 1497, ya zauna gabansa ya nemi shawara. Saurayin ya duba takardar tsarin yawon sama da ƙasa bai ga sunan Suyuɗi ba, sai ya ɗauka abin da ya kai wannan girma ba sai an rubuta shi ba.

Ƙarfe bakwai da rabi kar ta tashi, cikin wani sanyi mai laima wanda bai yi kama da ɗarin gida ba. Ba a jima ba ta hau gadar 6 ga Oktoba. Wannan ba gada ba ce irin ta Kenedi, a ce an hau a wannan gaɓa an sauka a waccan. Hanya ce a sama mai tsawon kilomita 20, da aka soma a 1969 ba a gama ba sai 1996, tana ratsa gari daidai tagogin benaye, har mai wucewa yana ganin shanyar mutane da tukwanensu. Mazauna Alƙahira da kewayenta sun haura miliyan 20, wato sun fi duk abin da ƙidayar 2012 ta samu a Nijar daga Ayoru har Ngigmi, miliyan 17, kuma da safiyar nan sai ka ce dukansu sun fito kan gadar, kowa da hannunsa a kan oda.

Sai ga Nilu. Saurayin ya taɓa ganin kogi sau ɗaya, a Yamai, lokacin da ya je neman fasfo: masu wanki, garake, shanu na shan ruwa. Wannan kogin kuwa ɗaure yake cikin siminti, otal-otal sun tsaya a kansa kamar dogarai. Ɗan jagora ya riƙa jefo sunaye da shekaru ta lasifika kamar mai gwanjo. Ga tsohon gidan tarihi na 1902, ga hasumiyar Alƙahira mai mita 187, kafin mutum ya juya wuya abin ya wuce. Larabcin nasa ma wani aiki ne. Saurayin da larabcin nahawu ya zo, mai wasali cikakke, shi kuwa Bamisire jimun ya mai da shi ga, ƙafun kuma ya haɗiye shi ɗungum. Da aka gaya masa baƙin nasa ƴan Nijar ne, sai ya yi murna ya jero sunayen ƴan ƙwallon Najeriya. Wani tsohon ɗalibi Ba'are daga Dogon Dutsi, wanda ya gaji da gyara wannan kuskure, ya juyo wurin saurayin, da yake kakanninsa Barebari ne kuma akwai wasa tsakaninsu, ya ce: «Kai Babarbare, kada ka wahal da bakinka. Garin ga in ka ce Nijar, sai su ƙara maka haruffa biyu kyauta.»

A Giza gari yake ƙarewa kamar an yanke shi da wuƙa: gidan ƙarshe, sannan rairayi. A ƙofa farashi biyu ne, na ɗan ƙasa da na baƙo, ninki ba ninki, sai dai takardar ɗalibi tana rage rabi. Bahaushe bai rasa sunan da zai ba abin da ke tsaye a wurin ba. Dala yake cewa, kalmar da a Kano take nufin dutsen da gari ya kafu a gindinsa, a Maraɗi da Magarya take tuna wa dattawa buhunan gyaɗa da ake jerawa har sama a zamanin SONARA, a aljihun ɗan Nijar kuwa take nufin tamma biyar. Saurayin ya san dalar aljihu, ya ga hoton dalar gyaɗa, amma wadda ke gabansa ba ta shiga lissafinsa ba. Babbar cikinsu, ta sarki Kufu, an gina ta shekara kusan 4500 da suka wuce. Kowane gefe nata mita 230 ne a ƙasa. Tsayinta na asali mita 146, yau ya koma kusan 138, domin kanta ya tafi, farin dutsen da aka lulluɓe ta da shi kuma an kwashe an yi ginin birni. A ɗora hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, sau biyar bisa juna, ba ta kai ba. An ƙiyasta tubalanta miliyan 2 da dubu 300, matsakaicinsu ya kai nauyin buhu 25 na gero.

Wani cikin sababbin ya ce ai ya ji rumbunan Annabi Yusufu ne, inda aka tara hatsin shekarun ƙoshi. Tsohon zance ne, matafiya sun yi ƙarnoni suna maimaita shi, amma duk wanda ya taɓa gina rumbu ya san ciki ake nema, ita kuwa dala dutse ce cunkus, ba abin da ke cikinta sai ɗakuna uku da siraran hanyoyi. Kabari ce.

Abin da ɗan jagora ya faɗa a gurguje, alhali ya fi sauran daɗin ji, shi ne labarin takardun da masu bincike ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet suka tono a 2013 a Wadi Jarf, bakin Bahar Maliya. Takardun bardi ne, waɗanda ake yi da ɓargon wata ciyawar bakin kogi, kuma su ne mafiya tsufa masu rubutu da aka taɓa samu. Cikinsu akwai rajistar wani ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin muƙami, sunansa Merer, wanda ke jagorancin jiragen ruwan da ke ɗauko farin dutse daga Tura, ƙetaren kogi, zuwa Giza. Kullum sai ya rubuta inda ya yi lodi, inda ya kwana, inda ya sauke. Sarkin da aka yi wa duk wannan wahala ba a sami gawarsa ba, siffarsa cikakkiya da ta rage kuwa wani ɗan gunkin hauren giwa ne da bai wuce tsawon yatsa ba. Rahoton ƙaramin ma'aikaci shi ya iso lafiya. Masu cika rajista a ofisoshin Tawa da Yamai, waɗanda ke zaton ba mai karanta abin da suke rubutawa, suna iya samun ɗan sanyin zuciya a nan.

Minti arba'in da biyar aka ba su. Masu raƙuma suka yi musu caa. Wani ya ja nasa mai ado da tuntaye ya gurfanar da shi gaban saurayin, yana rantsuwa hawa kyauta ne. Ba'aren ya raɗa masa cewa mutumin bai yi ƙarya ba, hawa kyauta ne, sauka ake biya. Ɗan Damagaram, wanda tun yana ƙarami yake ganin ayarin Buzaye na sauke gishirin Bilma a bayan gari, ya dubi dabbar ya ga tozonta ya zube, ya ce wa mai ita cikin larabcin littafi raƙumin nan kanwa yake so da hutu. Abul Haul, zakin nan mai kan mutum da ba shi da hanci, ta tsakanin kafaɗun Turawa da Sinawa suka hange shi. Wasu ƴan makaranta suka biyo su suna kiran «ya samara», wato mai duhun fata, wasu na neman a ɗauke su hoto tare, kamar baƙin ma suna cikin abubuwan da aka biya kuɗi a gani. Da yawa cikin Misirawa idan suka ce Afirka, wata ƙasa suke nufi can kudu, wadda tasu ba ta ciki.

Daga nan kar ta tsaya inda ba a rubuta a takarda ba, wani kanti da ɗan jagora ya kira cibiyar bardi. Aka raba shayi kyauta, aka nuna yadda ake fere ciyawar a jiƙa a danne, sannan aka buɗe ƙofar ɗaki na biyu inda komai ke da farashi. Kantin ya ci minti hamsin, biyar fiye da dalar Kufu. Saurayin ya ga ɗan jagora ya kewaya bayan kanta, mai shago yana duba wani ɗan littafi. Ɗan rumfa ba a koya masa wannan karatu. La'ada ce, irin wadda fatoma ke karɓa idan ya kai baƙonsa wurin mai saye, kuma a kasuwa ba abin kunya ba ce. Abin da ya sosa masa rai shi ne da lokacinsu aka biya ta, lokacin da shi ya riga ya saya da kuɗin wakensa.

Komowa ta gadar Abbas aka bi, aka ratsa tsibirin Rauda. A ƙarshensa ta kudu akwai wata rijiya da aka gina a 861, da ginshiƙin marmara a tsakiyarta mai alamun kamu. Da ita ake auna cikar kogi idan ruwan daminar Habasha ya iso. In ya kai kamu 16 an san gonaki za su sha, sai hukuma ta yanka haraji cikakke, in ya gaza a sassauta. Ambaliyar ta daina zuwa tun da aka gama madatsar Aswan a 1970, ma'aunin ya yi ritaya, amma dabarar auna ruwa kafin a auna talaka ba ta tsufa ba. A wannan tsibiri ne Suyuɗi ya kulle kansa a shekarunsa na ƙarshe, ya bar koyarwa, yana mayar da kyautar masu mulki. Lasifika ba ta ambata ba.

A Fusɗaɗ, tsohon garin da Amru ɗan Asi ya kafa a 641, aka wuce masallacinsa ba tsayawa, aka shiga sabon gidan tarihi inda a ranar 3 ga Afrilu 2021 aka kawo gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 cikin jerin gwano da kaɗe-kaɗe. Ƙarƙashin ƙasa ake sauka, cikin duhu da sanyi, ba hoto, ba surutu. Samarin da suka cika kar da barkwanci suka yi tsit. Ga Ramsis na biyu, wanda ya yi mulki shekara 66, kwance cikin gilashi, busasshen tsoho mai lanƙwasasshen hanci da sauran gashi a ƙeya. A 1976 an ɗauke shi a jirgi zuwa Paris domin a yi masa maganin funfuna, sojoji suka tarbe shi da faretin girmamawa. Da aka fito, tambaya ɗaya ke bakin kowa, shin wannan ne na Annabi Musa. Ɗan jagora ya ce wasu sun ce shi ne, wasu sun ce ɗansa Marnafta, ya dubi agogo.

Hanyar da ke tashi daga Fusɗaɗ zuwa fadar dutse tana bin gindin wata doguwar katanga mai bakuna, wadda a da ruwan Nilu ke gudu a kanta zuwa wurin sarakuna, sannan ta faɗa cikin Ƙarafa. Maƙabarta ce da ta girmi Alƙahira kanta, kuma ba irin ta Damagaram ba ce, inda tudun ƙasa da fasasshen tulu suka wadatar. Nan dangi kan yi gida da ƙofa da tsakar gida, matattu a ƙasa, a gidaje da yawa kuma rayayyu a sama, da igiyar shanya da yara masu ƙwallo. Imamu Shafi'i yana nan kwance tun 820. Tun daga 2020 kuma hukuma ta shiga yanka sababbin hanyoyi ta cikinta, an rushe kaburbura masu yawa, iyalai sun kwashe ƙasusuwan iyayensu zuwa bayan gari. Ta taga ana ganin katangun da aka yi wa alama da jan fenti. Gaban saurayin ya faɗi.

Ya tashi yana dafa kujeru har gaba. «Ya ustaz, ina kabarin Imamu Suyuɗi?» Ɗan jagora ya ce Suyuɗi ai mutumin Asyuɗ ne, can kudu, tafiyar awa biyar, kuma ba ya cikin tsari. Direba ne, wani dattijo mai tabon salla da bai ce uffan ba tun safe, ya nuna dama da haɓarsa ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba: «Sidi Galal? Ga shi can, bayan tashar Sayyida A'isha.» Saurayin ya juya. Ya ga ƙubbobi, ya ga tsofaffin hasumiyoyi, ya ga fararen ƙananan motocin haya sun yi cincirindo, sai wata babbar motar siminti ta shiga tsakani. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba.

Ƙal'a, ganuwar da Salahuddini ya soma a 1176, ita ce fadar masu mulkin Masar kusan shekara 700. A cikinta akwai rijiyar da ake kira ta Yusufu, sunan Salahuddini ne na yanka, wadda aka sassaƙa cikin dutse kusan mita 90, shanu na juya gugarta a hawa biyu. Wanda ya tashi a garin da dutse ya hana ruwa, yana ganin ƴan garuwa na kwana a layin famfo, ya fi kowa sanin darajar wannan aiki, amma ba a kai su ba. Masallacin Muhammadu Ali aka kai su, wanda aka gina tsakanin 1830 da 1848 bisa tsarin na Istambul. A farfajiyarsa akwai hasumiyar agogo, kyautar sarkin Faransa Louis-Philippe, tukuicin dogon ginshiƙin dutse na Luksor da aka kafa a dandalin Concorde na Paris a 1836. Ginshiƙin ya haura shekara 3000 yana nan tsaye, agogon kuwa ya shafe mafi yawan rayuwarsa ba ya tafiya. Ƴan kasuwa su yi wa wannan ciniki hukunci da kansu.

Daura da shi akwai wani masallaci marar ƙyalli, na Sarki Nasiru Muhammadu, wanda baƙi ke wucewa ba su ɗaga kai. Wannan sarki ne ya karɓi Mansa Musa na Mali cikin ganuwar nan a 1324, baƙon da ya yi ta jan ƙafa a kan ba zai sumbaci ƙasa gaban wani sarki ba, ya kuma zuba zinariya a birnin har darajarta ta faɗi shekaru. Ba'aren ne ya ba da labarin, ya ƙare da cewa: «Ka gani, Babarbare, mu ma mun taɓa karya musu kuɗi.» Daga bakin ganuwa gari duka yana ƙarƙashin ƙafa, har dalolin Giza ana hangowa cikin hazo. Kowa ya ba birnin baya yana ɗaukar kansa hoto. Saurayin shi kaɗai ya leƙa hagu yana neman inda haɓar direba ta nuna.

La'asar a masallacin Azhar aka yi ta, wanda aka aza tubalinsa a 970 aka fara sallar Juma'a a cikinsa a 972. Ta Ƙofar Wanzamai ake shiga, inda a da ake yi wa ɗalibai aski. Baƙin ɗalibai na wancan zamani ba su da Madinatul Bu'us. A jikin masallacin suke kwana, kowace ƙasa da zaurenta da rabon burodinta na waƙafi: na Magaribawa, na Shamawa, na Turkawa, na mutanen Jawa, har da na mutanen Barno. Tun a shekarun 1240 ma mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ domin ɗalibansu da alhazansu. Damagaram kuwa ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, wato saurayin ba shi ne na farko daga wajensu da ya kwana da ƴar yunwa a garin nan saboda karatu ba. Bambancin shi ne waɗancan watanni suka yi a bayan raƙumi, shi kuwa bai cika kwana guda a hanya ba.

Aka fito ƙarfe huɗu saura. Ɗan jagora ya nuna ƙetaren titi: ga masallacin Husaini, ga Han Halili, kasuwar da ta samo suna daga wani amiri da ya gina masaukin fatake a wurin a shekarun 1380. Bayan magariba kar za ta tashi, wanda ya makara ya san ta kansa. Ga saƙon Alhaji a gabansa, taku ɗari. Saƙon malam kuwa yana baya, wajen kilomita uku, kuma a wannan wata rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar. Fasfonsa yana ofishin takardar zama, ba abin da ke aljihunsa sai ƴar takardar shaida, an kuma gargaɗi sababbi kada su rabu da ayari. Ya yi lissafi irin na gidansu. Kasuwar da ta shekara 600 za ta kai mako mai zuwa. Tsoho mai shekara tamanin da kabarin da ke kan hanyar katafila, ba mai ba da tabbacinsu.

«Yaya, don Allah raka ni.»

Ba'aren ya dube shi, ya dubi kasuwa inda ya yi niyyar shan shayi. «Shekara biyar ina garin ga ban taɓa zuwa ba. Wuce mu tahi, kada a ce Babarbare ya riga ni.»

A tashar Sayyida A'isha suka tambayi mutum biyu Suyuɗi, ba wanda ya gane. Da suka ce Sidi Galal, wata mai sayar da burodi ta nuna musu lungu da hannun da ke riƙe da canji. Suka bi ta cikin ƙura, tsakanin gidajen matattu, har suka iso. Ɗaki ne guda mai kusurwa huɗu, da ƙubba a kansa, da sunan shehin a rubuce. Mutumin da ya bar littattafai ɗaruruwa, wanda ake karanta shi kowane azumi daga Agadas har Gaya, makwancinsa bai fi zauren wani mai unguwa ba. Ƙofar a kulle take, mai makulli ba ya nan. Suka tsaya a bakinta suka yi sallama, suka yi addu'a, saurayin ya ambaci sunan malaminsa da na mahaifin malamin kamar yadda aka umarce shi. Sannan, da yake wanda ya aiko shi ba hoto zai iya gani ba, sai ya zaga ginin yana ƙirga taku, ya shafa bango ya ji kaushinsa, ya duba ko akwai jan fenti a jikinsa bai gani ba, ya tsaya ya saurari abin da ake ji daga wurin: odar motoci daga babbar hanya, kukan wani jaki, sannan kiran magariba daga masallatai da yawa.

Kar ta tafi ta bar su. Motar haya biyu suka shiga kafin su kai masauki, irin waɗanda ake miƙa kuɗi hannu zuwa hannu daga kujerar baya har wurin direba, canji kuma ya dawo ta hanyar da ya bi ba ƙwandala ta ɓace. Ba'aren ne ya biya, ya ce bashi ne a kan Barebari duka. Da dare saurayin ya zauna a matakala inda waya ta fi kamawa, ya ɗauki saƙon murya na minti shida ta WhatsApp zuwa lambar mahaifinsa, ya roƙa a kai wa malam.

Amsa ta zo da hantsi, da hayaniyar kasuwar Dole a bayanta. «Na kai wa malam da kaina, ya sa an maimaita masa sau uku, ya ce Allah ya yi maka albarka. To, jallabiyar fa, nawa dozin?»